Dangwalen Goggo

Kwana ashirin da ɗaya da shigar ƙusa ƙafar Goggo aka kai ta asibiti, kuma ko a ranar ba don ƙafar aka kai ta ba. Faɗuwa ta yi a gaban bahon wanki, kumfa har gwiwar hannu, sauran zannuwan gado uku ba ta ɗauraye ba. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta taga, ta ce, "Goggo, in hutawa za ki yi ki bari ki shanya tukuna, rana na wucewa." Da ta ga hutun ya yi yawa, ga ido ya juye, sai ta ƙwala wa mijinta kira.

Mijin shi ne Sakatare. An yi wata ƙungiyar unguwa da ta mutu tun tana wata huɗu, shi ne ya riƙe mata littafi. Ƙungiya ta tafi, suna ya zauna, har yau ba ya fita sai da biro uku a aljihun gaba. Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goye shi. Shekara bakwai ke nan da ya ɗauko ta ya kawo ta wannan gari, wai ta zo ta huta. Tun da ta zo take hutawa tsakanin baho da murhu, hutun da bai bar ta ta kai ko bakin titi ba, balle ta koyi yaren mutanen garin. Kwananta kuwa a ɗakin ajiya, ita da mataccen firji da keken da ba taya da wasu katakai na tsohon gado. A jikin katakan nan ƙusar take. Ranar da ta taka ta, Maman 'Yan Biyu ta shafa mata man goge baki, ta ɗaure da tsumma, ta ɗora safar Sakatare a kai, ta ce, "Shi ke nan, gobe ma kin manta."

A cikin mota Sakatare ya juyo, ya yi ƙasa da murya.

"Goggo, maganar ƙafar nan a bar kaza cikin gashinta. Mutanen nan ba ki san su ba. In suka ga ciwo sai su ce a ina aka samo, daga nan sai su ce za su zo su ga inda kike kwana. Zazzaɓi kike yi, zazzaɓi za mu faɗa. Kin ji?"

"Ɗan nan, ƙafar ce ke kawo zazzaɓin."

"Yanzu kuma likita kika zama? Allah ya ba ki haƙuri, ki rufa mana asiri."

Goggo ta juya kai wajen taga. Rufin asiri ba sabon aiki ba ne a wurinta, ta fi iya shi a kan wanki.

Aka ba ta gado na shida a ɗakin mata, aka saƙala mata ƙarin ruwa. A bakin ƙofar ɗakin akwai wani allo mai zanen fuskoki biyar, daga mai kuka har zuwa mai dariyar da ta kai kunne, a ƙasa an rubuta sittin da biyu. Abin da ya faru shi ne, bara an yi wa asibitin wankin babban bargo, wai ba sa mutunta al'adun baƙi, ga shi garin ya cika da mutane iri-iri, kowa da yarensa. Shi ne manya suka buɗe ofis guda don auna mutunci. Kullum a ba kowane ɗaki maki, ɗakin da ya zo na ɗaya a ƙarshen wata a ba shi kofin gasa da butar shayi ta lantarki. Nas-nas ɗin ɗakin mata sun shekara suna roƙon ruwan zafi a ɗakin maza, saboda haka butar nan ta shiga ransu ba kaɗan ba.

Mai aunawar wata 'yar siririya ce mai rungume da allon takardu, haƙoranta ba sa shiga inuwa. Goggo na ganinta ta raɗa mata suna 'Yar Murmushi. Ta ja kujera, ta gaida Goggo da kai, sannan ta juya wa Sakatare dukkan jikinta. Shi kuwa duk tambayar da aka yi sai ya maimaita wa matarsa, su yi shawara a kan Goggo kamar ba ta da kunne.

"Wai muna son tafinta? Suna da shi a nan."

"Tafinta? Baƙo ya ji sirrin gidanmu? Ce mata kai ne tafinta."

Aka yi alama a takarda.

"Wai akwai wata al'ada tamu da ya kamata su kiyaye?"

Nan Sakatare ya tsaya. Ya kalli safar da ke ƙafar Goggo, ya kalli matarsa, idonsa ya kawo haske. Abin nema ya samu. Ya gyara zama, ya zaro biro ɗaya don maganar ta yi nauyi, ya bayyana wa 'Yar Murmushi cewa a wurinsu babu abin kunya irin bare ya ga ƙafar dattijuwa. Taɓawa kuwa ba a ma maganarta, zuri'a guda ake zagi.

'Yar Murmushi ta dafe ƙirji. Wata takwas tana wannan aiki, kullum amsar mutane ita ce ba komai, yau Allah ya haɗa ta da al'ada sukutum. Kafin la'asar an manna takarda a saman gadon Goggo: zanen ƙafa, an ja mata jan layi.

Ai kuwa daga nan al'ada ta ɓalle a gado na shida, kullum sai an haifi sabuwa.

Washegari aka kawo wa Goggo dafaffen ƙwai da madara da ayaba. 'Yan biyu suka faɗa wa farantin, kafin ta ɗaga hannun da ba allura sun bar mata ɓawo. Nas ɗin safe, wata gajera mai tabarau, ta haɗe rai ta nufo su. Sakatare ya tare ta da bayani: a wurinsu mara lafiya ba ya cin komai sai jikoki sun ɗanɗana, albarka ake nema. Nas ta kalli ɓawon, ta kalli allon fuskoki, ta tuna buta, ta haɗiye maganarta. Daga ranar ƙwai uku ake kawowa, kuma 'yan biyu ba su taɓa ƙyashin ɗanɗana na ukun ba.

Rana ta uku Maman 'Yan Biyu ta shigo da kwando. Kayan makarantar yara ne da suka yage, da wandon Sakatare da ke son maɓalli, da zare da allura.

"Goggo, gidan nan tun da kika tafi ya rikice. Ga wannan ki ɗan taɓa, ai zama haka ma ciwo ne."

"Hannuna rawa yake yi, 'yar nan."

"To ai ɗinki ma motsa hannu ne."

Da 'Yar Murmushi ta zo, Sakatare ya ce a wurinsu in aka bar hannun tsohuwa ba aiki, sai ta ɗauka an yar da ita, baƙin ciki ya kashe ta. Nan take aka kira mai hoto. Aka ɗauki Goggo tana lalube ramin allura da idon da zazzaɓi ya rufe, gumi na bin wuyanta. Hoton ya fito da kyau, don cije leɓen da take yi saboda ƙafa ya yi kama da murmushi. Aka buga shi ƙato, aka rataye a babbar ƙofar asibiti. Makin ɗakin mata ya tashi zuwa saba'in da tara, nas-nas suka fara gardamar inda za a ajiye buta.

Rana ta huɗu Sakatare ya zo da tsakar rana a gajiye, ya ga gado mai laushi, ga fanka na kaɗawa. Aka zaunar da Goggo a kujerar roba da sandar ƙarin ruwanta, shi ya miƙe yana minshari har awa biyu. Wannan ma al'ada ce, babban ɗa ke ɗumama wa mara lafiya gado. Tsohuwar da ke gado na biyar, wata mai wani yaren daban, ta kalli Goggo, ta kalli mai minshari, ta tafa hannu ta juya wa bango fuska. Ita kaɗai ce a ɗakin ba ta cikin gasar buta.

Ƙafa kuwa ba ta san ana al'ada ba. Da farko zugi take yi a wuri ɗaya. Yanzu zugin ya hau idon sawu, safar ta matse, ta fara jiƙewa ta ƙasa. Goggo takan ji bugun zuciyarta a cikin babban yatsa. Tsoro ya kama ta sosai, don ta taɓa ganin yadda irin wannan ciwo yake ƙarewa, kuma ta san a gidan Sakatare tsohuwa mai ƙafa biyu ma da ƙyar take samun wurin kwana.

Likitan ɗakin wani dogo ne mai yawan sosa ƙeya. Kullum ya zo sai ya daɗe yana kallon takardar Goggo, don an ba ta magani kala uku zazzaɓi ya ƙi sauka. Rana ta biyar ya sunkuyo, ya dube ta ido cikin ido, ya yi tambaya a hankali yana nuna jikinta daga sama har ƙasa. Ko ba yare, Goggo ta gane. Ta ce, "Ƙafata, likita. Ƙusa na taka, yau kusan wata guda. Wayyo ƙafata!"

Likita ya juya ga tafinta. Sakatare ya yi tari.

"Goggo, wai yana tambaya ko kina kewar gida."

"Ƙarya kake yi, ɗan nan. Ciwo ya tambaya."

Sakatare ya juya ya zuba wa likita magana mai tsawo, har da ɗaga hannu sama. Bayan likita ya wuce, Maman 'Yan Biyu ta ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce albarka take sa masa. Na ce a wurinmu da kuka ake godiya."

"To 'wayyo' ɗin fa?"

"Na ce shi ne amin ɗinmu."

Daga ranar duk nas ɗin da ta ba Goggo magani sai ta ɗan rusuna ta ce mata, "Wayyo," cikin ladabi. Goggo ta amsa da wayyo, nas ta tafi tana jin daɗin ta iya yaren baƙi. Har a takardar koyar da sababbin ma'aikata aka sa kalmar.

Rana ta shida Goggo ta samu sarari. Sakatare ya fita amsa waya, matarsa ta bi 'yan biyu da suka shige ɗakin awo. Nas mai tabarau ta zo canza ruwa. Goggo ta kama mata riga, ta yaye bargo, ta sa hannu ta fara jan safa. Ai nas na ganin haka ta yi tsalle, ta rufe ido da tafin hannu, ta juya baya. Da baya-baya ta lalubo bargon ta mayar, ta soke shi ƙarƙashin katifa gam, tana ta ba da haƙuri da yarenta, tana nuna zanen ƙafa mai jan layi don Goggo ta san ba ta ga komai ba. Ta ce, "Wayyo, wayyo," ta fice da sauri. A zatonta zazzaɓi ne ya sa tsohuwa za ta tona wa kanta asiri, ita kuma ta cece ta. Da yamma 'Yar Murmushi ta ba ta tauraron takarda ta manna a ƙirji.

Goggo ta yi kuka a ranar, kuka na gaske, na wanda ya ga ana kashe shi da ladabi.

Rana ta bakwai wari ya fara fita. Maman 'Yan Biyu ta zo da gwangwanin turaren fesawa irin na mota, duk bayan minti goma ta zagaye gado da shi. Ba sai an tambaya ba, 'Yar Murmushi da kanta ta rubuta cewa al'ada ce. Har ta sa aka sayo wa ɗakin gwangwani shida. Tsohuwar gado na biyar ta yi atishawa har ƙarin ruwanta ya tsinke. Maki ya kai casa'in da takwas.

Da azahar, Maman 'Yan Biyu ta fita, Goggo ta kira Sakatare. Muryarta ta shige ciki, sai da ya matso.

"Ɗan nan, ƙafar nan ta fara mutuwa. Yatsu biyu ba na jin su. Ka tuna ranar da kwalba ta yanke ka, na goya ka da gudu, kai ma kana da nauyi? Ban ce ka goya ni ba. Baki kawai za ka buɗe."

Sakatare ya sosa gemu. Ba mugu ba ne irin na tatsuniya, da ya fi sauƙi. Mutum ne mai dalilai, kuma ya jero su.

"Goggo, ki duba matsayina. Yanzu in na ce akwai ciwo, sai su ce ƙarya na yi tun farko. Ga hotonki a ƙofa, kowa ya san mu. Jibi manyansu za su zo daga babban ofis, an ce ni zan yi jawabi a madadin iyalan marasa lafiya. Har kwat na aro. Ki daure jibi ta wuce, mu koma gida, a sake sa miki man nan. Ai da sauƙi, ko?"

"Ba sauƙi."

"To Allah ya kawo sauƙin. Kin ga maɓallin kwat ɗin ma ɗaya ya fita, bari in kawo miki."

Ta ɗinka masa maɓallin. Allurar ta faɗi sau huɗu, yana ɗauko mata.

Ranar da manya za su zo an goge ɗakin mata har ana ganin fuska a ƙasa. Aka ɗaura wa gadon Goggo kintinkiri, aka jera kwandon ɗinki da gwangwanin turare a gefe don baƙi su gani da idonsu. Manyan su huɗu ne, maza biyu mata biyu, kowa da katin suna a wuya. Dogon likita na can baya yana sosa ƙeya. Butar ma an shigo da ita a kwalinta, an ɗora a tebur, nas-nas na satar kallonta.

Sakatare ya yi jawabi. Ya yi minti ashirin yana magana a cikin kwat ɗin da hannunsa ya wuce yatsu, ya zaro biro, ya mayar, ya zaro wani. Aka tafa. Goggo tana kwance tana ganin fitilun sama suna rabuwa biyu suna haɗewa.

Sai babbar cikin manyan, wata mai furfura, ta fito da takarda mai fuskoki biyar da ɗan akwatin tawada. Ashe dokar babban ofis ita ce, a rana irin wannan mara lafiya da kansa zai dangwala yatsa a fuskar da ta dace da zuciyarsa. Duk takardun baya Sakatare ne ya cike su, da biro ukun nan. Ya karɓi takardar da sauri, ya kama hannun Goggo.

"Goggo, ga ta nan, ta ƙarshen, mai dariya. Dangwala kawai."

"Ka faɗa musu ƙafata."

"In sun tafi."

"Yanzu."

"Haba Goggo, ana kallonmu! Kawo yatsan."

Tura ta kai bango. Goggo ta zare hannunta daga nasa, da wani ƙarfi da ita ma ba ta san ta ajiye shi ba. Ta karɓe takardar, ta yunƙura ta zauna, ɗakin ya juya mata sau ɗaya ya tsaya. Ta ce, "Kwana tara kana haifar al'ada, yau ni ma zan haifi tawa. A wurinmu ba da hannu ake dangwale ba. Fassara musu."

Ta shimfiɗa takardar a kan katifa, ta yaye bargo. Nas mai tabarau ta rufe ido, 'Yar Murmushi ta rufe, biyu daga cikin manyan ma da suka karanta rahoto suka juya baya cikin girmamawa. Goggo ta ja safa. Safar ta ƙi, don ta manne da nama. Ta cije, ta fizge, ta saki wata ƙara da ba wanda zai ce amin ce. Tsumman ya biyo safar. Ta ɗaga ƙafar da hannu biyu, ta ɗora a kan takardar, ta danna.

Ba a buƙaci tawada ba. Da ta ɗaga, shaidar ta rufe fuskokin nan biyar gaba ɗaya, jini da ruwan ciwo, mai dariyar ma ba a ganin haƙoranta. Warin da gwangwani shida suka yi kwana biyu suna dannewa ya tashi ya cika ɗakin.

'Yar Murmushi ta leƙo ta tsakanin yatsunta, ta tambayi Sakatare da 'yar murya ko wannan ma al'ada ce. Shi kuwa bakinsa ya riga ya saba, sai ji aka yi ya fara, "E, to, a wurinmu..."

Bai ƙarasa ba. Dogon likita ya ture shi gefe har biro biyu suka zube, ya durƙusa a gaban ƙafar, ya dube ta, ya ɗaga kai ya daka wata tsawa da ta sa nas uku suka ruga a guje. Ya miƙa hannu ya fizge zanen ƙafa mai jan layi, ya dunƙule ya jefar. Tsohuwar gado na biyar ta tashi zaune tana tafi ita kaɗai. Kafin manya su gama neman hankici, an tura gadon Goggo zuwa ɗakin tiyata, kintinkirin na jan ƙasa.

Yatsu biyu aka cire, babban da mai bi masa, da wani yanki na tafin. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, daga gwiwa za a yanke. Da an gani ranar da ta zo kuwa, wanki da allura sun isa, ko farce ba za ta rasa ba.

Kowa ya samu abin faɗa. 'Yar Murmushi ta ce ita abin da iyali suka gaya mata ta rubuta, kuma takardar ba ta da gurbin tambayar mara lafiya in yana da mai magana. Nas ta ce ita zane ta bi. Maman 'Yan Biyu ta ce man goge bakin nan ya taɓa yi wa ƙanwarta aiki. Sakatare ya ce shi mutuncin gida ya kare, kuma da Goggo ta faɗa masa abin ya kai haka, ai da ya yi magana. Takardar dangwalen kuwa an ce ta ɓaci, ba a gane fuskar da aka zaɓa ba, saboda haka ba a sa ta a lissafi ba. Ɗakin mata ya zo na ɗaya da casa'in da takwas. Aka ba su butarsu, tana tafasa ruwa cikin minti uku. Abin haushin ke nan: kwana tara ana auna yadda ake mutunta Goggo, an tambayi ɗan wanta, an tambayi matarsa, an tambayi allo, ita kaɗai ce ba a tambaya ba. Kuma ƙaryar da aka yi mata ba daga bare ta fito ba, daga bakin da ta ciyar ne.

Kwana biyu bayan aiki aka kawo tafintan asibiti. Wata mata ce mai jiki, mai saƙa a jaka. Ofishinta na hawa na ƙasa, ƙarƙashin ɗakin mata daidai, ta ce wata guda ke nan ba wanda ya kira ta, har ta gama hula huɗu. Ta ja kujera, ta juyo da dukkan jikinta wajen Goggo, ta ce, "Sannu, Baba. Ya jikin?"

Goggo ta daɗe tana kallonta. Rabon da wani ya yi mata maganar da ba aike ba da yarenta, ta manta. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Tare da tafintar akwai mai furfurar nan ta babban ofis, da wani jami'i mai kula da walwalar tsofaffi. Sakatare da matarsa suna tsaye a ƙarshen gado. Maman 'Yan Biyu ta yi saurin cewa, "Baiwar Allah, don Allah tambayar mana likita, yaushe za ta iya tsayuwa? Ba wai don komai ba, ko a zaune ne ai ana iya ɗauraya."

Tafinta ta dube ta sama da ƙasa, ta fassara wa jami'in maganar kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba. Jami'in ya rubuta. Maman 'Yan Biyu ta ce, "A'a, ba shi na ce ki gaya wa ba!" Wannan ma aka fassara.

Sannan tafinta ta ce, "Baba, wannan mai furfurar tana ba ki haƙuri. Tana tambaya, ke da bakinki, wace al'ada ce taku da kike so a kiyaye?"

Goggo ta yi tunani, ta kalli ƙafarta da aka naɗe da farin bandeji, guntuwa, ba yadda ta saba ganinta ba.

"Ce mata guda ɗaya ce. A wurinmu in mutum ya ce wayyo, akan ce masa ina ne."

Tafinta ta fassara. Mai furfura ba ta rubuta ba, ta sunkuyar da kai kawai. Nas mai tabarau da ke riƙe da kofin shayi ta ajiye shi a hankali, ta ɓalle tauraron takardar daga ƙirjinta ta sa a aljihu.

"Saura ɗaya, Baba. Wannan jami'in yana so kafin a sallame ki ya je ya ga ɗakin da kike kwana. Amma sai in kin yarda. Ke ake tambaya."

Sakatare ya fara tari. Ya ƙifta ido, ya girgiza kai, ya haɗa hannu biyu a ƙirji daga bayan jami'in, leɓensa na cewa rufin asiri, rufin asiri. Goggo ta dube shi, yaron da ta goya da gudu, a cikin kwat ɗin aro da maɓallin da ta ɗinka. Tausayinsa ya taso mata kamar kullum, ta bari ya wuce.

Ta ce, "Ya je ya gani. Amma ki ce masa ya sa takalmi mai ƙarfi. Ƙusar tana nan, ba wanda ya cire ta."